Faɗaɗa Muƙamuƙin Yaro Mai Tsagaggiyar Ganɗa: Wace Na'ura Ce Ke Buɗe Numfashi, Wacce Ta Dace Da Ɗanku?

Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da tsagaggiyar ganɗa, wato rufin baki, akan ɗinke masa leɓen yana wata 3 zuwa 6, ganɗar kuma tsakanin wata 9 da 18. Daga nan iyaye sukan sauke ajiyar zuciya, su ɗauka an gama. Sai yaro ya kai shekara 7 ko 8, ya shiga famfara, likitan daidaita haƙora ya leƙa bakinsa ya ce muƙamuƙin sama ya tsuke, dole a faɗaɗa shi kafin a yi dashen ƙashi a dasashi. Ya jero na'urori uku ko huɗu masu sunayen Turawa. Ita kuwa uwa tana da tata damuwar da ta daɗe tana ci mata tuwo a ƙwarya. Yaron nan baki buɗe yake kwana, yana minshari, da safe leɓɓansa a bushe ƙamas. Abin da take son ji shi ne ko faɗaɗawar za ta gyara masa numfashi, in kuma za ta gyara, wace na'urar ce ta fi.

Ina ruwan baki da numfashi?

Baki da hanci kamar gidan bene suke: rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama. Ƙashin ganɗa shi ne daɓen hanci, don haka in ya tsuke, hanyar iska ta cikin hanci ma ta tsuke. Abin da ke tsuke shi a waɗannan yara kuwa shi ne tabon ɗinkin da aka yi musu suna jarirai. Tabo ba ya miƙewa yadda lafiyayyar tsoka ke yi. Yana jan ɓangarorin muƙamuƙi ciki kamar zariyar wando, musamman ɓangaren da tsagar take, kuma ya fi ja ta gaba, wajen fiƙa. Shi ya sa haƙoran sama ke faɗawa cikin na ƙasa maimakon su rufe su ta waje. Ga kuma shingen tsakiyar hanci, wanda a yawancin masu tsaga ta gefe ɗaya a karkace yake.

Iska tana bin zango uku kafin ta gangara huhu: cikin hanci, sai bayan hanci inda ganɗa mai laushi take lilo, sai maƙogwaro a bayan harshe. Faɗaɗawa zangon farko take taɓawa. A Bauru ta ƙasar Brazil akwai babban asibitin masu tsagar baki na Jami'ar Sao Paulo, kuma a 2010 masu bincike a can sun auna cikin hancin yara da na'urar sauti kafin faɗaɗawa da bayanta, suka ga hanyar ta ƙara buɗewa. A 2016 aka buga wani binciken daga Belo Horizonte, shi ma a Brazil, kan yara 40 masu tsaga ta gefe ɗaya, an raba su gida huɗu, kowane gida da irin na'urarsa. Na'urorin da suka buɗe muƙamuƙi har ta baya su ne suka ƙara girman cikin hanci. Maƙogwaro kuwa bai canza ba a ko wane gida. Wannan sakamako shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa, kuma ina roƙon iyaye su riƙe shi: na'urar tana buɗe hanci, ba ta kai wa ga maƙogwaro.

Ma'aunin da za mu ɗora su a kai

Na farko, ta ina muƙamuƙin ya tsuke: ta gaba kaɗai, ko gaba da baya? Na biyu, me na'urar ke yi wa hanci. Sai wanda aikin yau da gobe zai hau kansa, uwa a gida ko likita a asibiti. Sai kuɗi, kuma a nan ba farashin ƙarfen kaɗai nake nufi ba. Likitocin daidaita haƙora kaɗan ne a Arewa, galibinsu a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, don haka kuɗin mota, da kwana, da ranakun da yaro zai rasa a makaranta sukan zarce kuɗin na'urar. Sai ƙarko, na ƙarfen da na sakamakon. Sai haɗari.

Mai sukuru: Hyrax da Haas

Wannan ita ce faɗaɗawar gaggawa. Wani likitan haƙori Ba'amurke, Emerson Angell, ya fara bayyana ta a 1860, aka yi watsi da ita shekaru da dama, har Andrew Haas ya farfaɗo da ita a 1961. Zobba ne na ƙarfe ake liƙawa a turame, a haɗa su da sukuru da ke zaune a tsakiyar ganɗa. Ta Haas tana da faifan roba da ke kwanciya a kan ganɗar, Hyrax kuwa zallar ƙarfe ce. Ga yaro mai tabo na fi son Hyrax, domin robar tana danne naman da jini bai wadace shi ba, tana kuma ɓoye abinci a ƙarƙashinta.

Na taɓa zama na kalli wata uwa tana koyon murɗawa. An kwantar da yaron rigingine, filo a ƙarƙashin kafaɗunsa don kai ya ɗan koma baya, yayarsa ta haska da tocilan waya. Uwar ta ɗauki ɗan makullin, sirit kamar allura, an ɗaure masa zare ta naɗe a yatsarta don kada ya suɓuce ya faɗa maƙogwaro. Ta zura shi a hudar sukurun, ta tura baya har sabuwar huda ta bayyana ta gaba, sannan ta zare. Hannunta na rawa a karon farko. Yaron ya yamutsa fuska, ya ce yana jin abu na tura shi a karan hanci, bayan 'yan mintuna ya tashi ya koma wasa. Kowace murɗawa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ce. Sau biyu a rana na mako biyu ya ba da milimita 7. Daga nan a daina murɗawa, a bar na'urar a baki wata 3 zuwa 6, ko har zuwa lokacin dashe.

Ta fuskar numfashi ita ce ke da hujja mafi ƙarfi, domin tana ture gaba da baya tare, daɓen hanci ya buɗe a tsawonsa. Kuɗinta matsakaici ne, amma sukurun daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Ƙarfen yana da ƙarko sosai, abin da ya fi lalacewa shi ne zobe ya kwance in yaro yana cin alewa mai danƙo ko yana gaigayar rake. Wahalarta a gida take, kuma zuwa asibiti a makonnin farko yana da yawa, domin likita zai so ya riƙa gani kada a zarce.

Aibinta babba ɗaya ne. Yawancin yaran nan ta gaba suka fi tsukewa. In aka ci gaba da murɗawa har gaban ya daidaita, bayan yakan wuce gona da iri. Sannan akwai batun huda. Wasu yara suna da 'yar ƙofa da ta rage tsakanin baki da hanci bayan ɗinki, tsukewar ce ta ɓoye ta. Da an faɗaɗa sai ta fito fili, kunu ko shayi ya riƙa biyowa ta hanci, iska ta riƙa tserewa in yana magana. Iyaye sukan firgita su ce na'ura ta farke ɗinki. Ƙofar dama tana nan, kuma akan rufe ta ne a aikin dashen ƙashi. Kowace na'ura tana iya tona ta, amma a ta gaggawa abin ya fi zuwa bagatatan.

Waya mai lauje huɗu: Quad Helix

Robert Ricketts ne ya yaɗa ta a shekarun 1970. Waya ce guda, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, an lanƙwasa ta sau huɗu ta zama sifirin, an haɗa ta da zobba biyu a turame. Likita yakan buɗa ta kaɗan kafin ya saka, sai ta yi ta tura haƙora a hankali dare da rana. Babu makulli, babu aikin kowa a gida sai goge baki. Akan koma bayan mako 4 zuwa 6 a ƙara mata ƙarfi, aikin kuma yana cin watanni.

A yaran da ba su da tsaga, an san ta da karkatar da haƙora waje fiye da motsa ƙashi, domin ƙarfinta bai cika raba mahaɗar ƙashin tsakiyar ganɗa ba. Yaro mai tsaga kuwa ɓangarorinsa dama ba a haɗe suke ba, ƙarfi kaɗan ya isa ya motsa su. Gwajin da aka yi a Bauru kan yara masu tsaga ta gefe biyu ya nuna ita da Hyrax sun kai ga faɗi kusan iri ɗaya, sai dai ita ta fi daɗewa. Wata baiwarta ita ce likita na iya lanƙwasa hannuwanta ta tura gaba fiye da baya, har ta murɗa turmin da ya juya. Ita ce mafi araha, domin waya ce da ma'aikacin ɗakin haɗa haƙora zai iya lanƙwasawa da hannu.

Game da hanci, in ƙashin ya motsa daɓen ya buɗe, amma mafi yawan aune-aunen numfashi a kan na'urar sukuru aka yi su. Saboda haka wanda toshewar hanci ce babbar damuwarsa, sukuru ya fi ba shi tabbas. Wayar takan bar shaida a kan harshe, wadda ke ɓacewa bayan an cire. Yaro mai ƙiriniya yana iya wasa da ita da yatsa har ya lanƙwashe ta, in kuma ta nutse a nama sai an koma asibiti ba a jira ranar da aka rubuta ba. Haɗarinta na gaske shi ne mantuwa. Ba ta san ta kai inda ake so ba, turawa kawai take yi. In aka yi wata uku ko huɗu ba a koma ba, tana iya zarcewa.

Mai buɗewa kamar almakashi

An ƙera wannan ne don matsalar da na ambata, gaba a tsuke baya lafiya lau. Tana da maɗauri ta baya, sukuru ta gaba, sai ta buɗe kamar almakashi. Murɗawa da kulawa duk irin na Hyrax ne. Ta fi tsada, ta fi wuyar samu, in ta lalace musanya ta kan ɗauki lokaci. Tana gyara wajen fiƙa da kyau, ta ba likitan tiyata filin zuba ƙashi. Amma a binciken Belo Horizonte ba ta ƙara girman cikin hanci yadda za a kafa hujja da shi ba, dalili kuwa a bayyane yake: bayan daɓen bai motsa ba. Likitocin Bauru sun fito da wata mai sukuru biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne a murɗa shi gwargwadon buƙata. Dabara ce mai kyau in likitanku yana da hanyar samo ta.

Faɗaɗawa haɗe da ƙarfen fuska

Tabon ba faɗi kaɗai yake hanawa ba, yana hana muƙamuƙin sama girma zuwa gaba. Sai tsakiyar fuska ta lotsa, haƙoran ƙasa su sha gaban na sama. Ga irin wannan yaro akan ƙara wa na'urar faɗaɗawa ƙugiyoyi, a ɗaura robobi daga can zuwa wani ƙarfe da ke dafe da goshi da haɓa, wanda Jean Delaire na birnin Nantes a Faransa ya fito da shi. Akan sa shi awa 12 zuwa 14 a rana, yawanci daga yamma zuwa safiya, na watanni da yawa, wani lokaci shekara. Ya fi aiki kafin yaro ya kai shekara 10. Eric Liou na Taiwan ya ƙara wata dabara a 2005, a buɗe sukurun mako guda a rufe mako guda, ana maimaitawa don mahaɗan ƙashi su saki kafin a fara ja.

A cikin duka zaɓin, wannan ne kaɗai ke taɓa zango na biyu. In muƙamuƙi ya matso gaba da 'yan milimita, filin bayan hanci yana ƙaruwa. Sai dai filin nan shi ne ganɗa mai laushi ke rufewa duk sanda yaro zai furta sauti irin "b", "k" ko "s". Ganɗar da aka ɗinke gajeriya ce, ba ta da kuzari sosai. Abin da ya sauƙaƙa numfashi yana iya ƙara wa magana fita ta hanci, musamman ga yaron da dama da ƙyar ganɗarsa ke rufewa. Don haka a sa mai gyaran furuci ya saurari yaron kafin a fara, a kuma sake saurare ana tsakiyar aiki. Ƙarfen fuskar ya fi kowanne zaɓi tsada da cin rai. A zafin Maris da Afrilu gumi kan sa fatar haɓa ta yi ƙuraje, yaro ya riƙa cirewa cikin barci. Sakamakon ma yakan ragu lokacin balaga, domin muƙamuƙin ƙasa yana ci gaba da girma, wasu kuma duk da haka sai an yi musu tiyatar matso da muƙamuƙi in sun kai shekara 17 ko 18.

| Na'ura | Inda take buɗewa | Numfashi | Kuɗi | Ƙarko | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Hyrax ko Haas | Gaba da baya | Hanci na buɗewa, hujja mai ƙarfi | Matsakaici | Sosai | Murɗawa kullum, mako 2 zuwa 3 | Baya ya zarce, huda ta fito |
| Quad Helix | Inda likita ya saita | Hanci, gwargwadon motsin ƙashi | Mafi araha | Tana lanƙwashewa | Kaɗan a gida, watanni ana komawa asibiti | Zarcewa in ba a koma ba |
| Mai almakashi | Gaba | Kaɗan | Sama da Hyrax | Sosai | Irin ta Hyrax | Wuyar musanyawa |
| Da ƙarfen fuska | Faɗi da gaba | Hanci da bayan hanci | Mafi tsada | Sakamako na raguwa | Awa 12 zuwa 14 kullum | Magana ta hanci |

Duk wadda aka zaɓa, faɗin ba ya zama da kansa. A yaron da ba shi da tsaga, sabon ƙashi ne ke cike gurbin da aka buɗe. A mai tsaga babu abin da zai cike, tabo kuma yana nan yana ja. Dashen ƙashi, wanda akan ɗebo daga ƙugun yaron tsakanin shekara 8 da 11 kafin fiƙa ta fito, yana haɗe ɓangarorin ta wajen dasashi, amma ko bayansa sai an bar waya mai riƙewa. Kada a fara faɗaɗawa ba a san wanda zai yi dashen da lokacin da zai yi ba. Ku tambaya tun farko, ku kuma tambaya ko tallafin Smile Train, ƙungiyar da ke biyan kuɗin ɗinki a asibitoci da dama na Nijeriya, ya haɗa da wannan mataki a asibitinku.

Minsharin fa?

Ki zauna kusa da shi dare ɗaya, ke uwa, bayan barcinsa ya yi nauyi. Minshari mai tafiya bai ɗaya daban yake da wanda ke yankewa: shiru na 'yan daƙiƙu, ƙirji na fama amma iska ba ta shiga, sai ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi. Ki ɗauki bidiyon minti biyu da waya, ki kai wa likita. In akwai yankewa, ko yawan gumi da juye-juye, ko fitsarin kwance da ya dawo, ko gyangyaɗi a aji, to likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne farkon wanda za a gani, da gwajin barci in akwai shi. Sau da yawa toshewar a can ƙasa take: tsokokin gefen maƙogwaro sun kumbura, ko muƙamuƙin ƙasa ƙarami ne harshe yana faɗawa baya, ko an taɓa yi wa yaron aikin gyaran magana da ya rage faɗin maƙogwaro. Babu sukurun da zai kai can. Kada kuma a yi hukunci da daren hunturu kaɗai, lokacin da ƙura ke toshe hancin kowa.

Abu biyu nake jin tsoro a nan. Na farko, a kai yaron wurin wanzami a cire masa belu da sunan maganin minshari. Belun yaro mai tsagaggiyar ganɗa yana cikin naman da aka ɗinke, kowane ɗan yanki nasa yana da amfani wajen rufe hanci, abin da aska ta ɗauke kuma ba ya dawowa. Na biyu, ko a asibiti, tsokar bayan hanci da ake cire wa sauran yara masu minshari ba a kwashe ta duka ga wannan yaro, domin a kanta gajeriyar ganɗarsa ke jingina in yana magana. Duk likitan da zai taɓa maƙogwaronsa, a gaya masa tarihin tsagar tun kafin ya tambaya.

Wa ya dace da wacce

In muƙamuƙin ya tsuke gaba da baya, hanci a toshe, akwai mai hannu a gida da zai murɗa safe da yamma, kuma za ku iya zama kusa da asibiti na mako uku, ku ɗauki Hyrax. A haɗa shi da hutun makaranta. Haka ma in lokacin dashe ya ƙurato, fiƙa na gab da fitowa, babu watannin da za a jira Quad Helix.

In kuɗi ne matsala, ko yaro yana hannun kaka da idonta ba zai ga hudar sukuru ba, ko shi yaron ba ya yarda a sa masa hannu a baki, Quad Helix za ta kai ku inda ake so. Sharaɗinta shi ne ranar komawa ba ta tashi, ko da daga Gumel ko Maraɗi za a taso.

In turame suna cizo daidai, gaba ne kaɗai ya faɗa ciki, mai almakashi ko Quad Helix da aka saita ta tura gaba ta fi dacewa. A yi ta don haƙora da dashe, kada a sa ran hanci zai canza sosai. In ana son duka biyun, a nemi mai sukuru biyu.

In tsakiyar fuska ta lotsa, yaro bai kai shekara 10 ba, maganarsa tana fita sarai, kuma shi da kansa ya yarda zai sa, a gwada ƙarfen fuska. In lotsawar ta yi yawa ko maganarsa dama ta hanci take fita, a tsaya a faɗaɗawa da dashe, a bar matso da muƙamuƙi sai ya girma.

In kuma numfashinsa yana yankewa cikin barci, a fara da likitan maƙogwaro a wannan makon. Faɗaɗawar za ta biyo baya a lokacinta, da na'urar da siffar bakinsa ta nema.